Kafaɗar Nasiru ta Hagu

Tun da muka dawo daga Fatakwal ban zauna a majalisa ba sai an tsare ni da tambaya. Wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce me suke ci, Liman kuwa so yake ya san ko ana jin kiran salla a can. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da ɓangaren da ya ji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, daga fita har komowa.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da yayata Rabi, kuma saboda ɗanta na fari muka yi ta. Nasiru ya shiga aikin sojan ruwa yana kurtu, da takardar sakandare kaɗai, yaron da babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan ƙauyenmu, gabas da Tsanyawa. Aka tura shi Legas. A can ya nemi izinin manyansa ya shiga jami'a, karatun Asabar da Lahadi, fannin lantarki. Akwai shekarar da jirginsu ya fita teku ana gab da jarrabawa, dole ya maimaita ajin. Da ya samu digiri sai ya nemi shiga sahun waɗanda ake horarwa su zama hafsoshi, a lokacin shekarunsa sun kusa wuce iyakar da ake karɓa. Allah ya sa aka ɗauke shi, aka kai su makarantar sojan ruwa da ke wajen Fatakwal.

Bayan an yanke gero ya kira ni a waya.

"Kawu, ranar da za a yaye mu, kowa mutum biyu ne za su maƙala masa alamar muƙami a kafaɗa. Dama kai. Hagu Inna nake so."

Mahaifinsa ya rasu, matar Nasirun kuma tana jego a gidan iyayenta. Na ce, "Nasiru, ka fa san Innarka."

"Na sani, Kawu. Kai dai ka zo mini da ita."

Yaya Rabi ta tsohon yayi ce a kan kunyar ɗan fari. Ranar da aka cire Nasiru daga nono kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kuma tun daga ranar hannun Yaya bai sake taɓa jikinsa ba. Ba ta kiran sunansa. In ya zo hutu ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa gaisuwar tana kallon bango. In tana son a ba shi abinci sai ta ce wa na kusa, "Ku duba ko yaron nan ya ci." Shekarun da nake karanta labarai a gidan rediyo a Kano, duk sanda aka ambaci sojoji ko hatsarin jirgi sai ta sa a kira ni: "Bala, ba ku ji komai ba a wajen aikin naku?" Ba ta taɓa faɗin a kan wa take tambaya ba, ni ma ban taɓa tilasta mata ta faɗa ba.

Na same ta a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, na ce mata Nasiru zai zama hafsa.

"Hafsa kuma? Namiji?"

Kalmar nan na karanta ta a labarai ba adadi, ban taɓa jin sunan mace a cikinta ba sai ranar. Na yi mata bayani cewa babban soja ake nufi, mai ba da umarni, kuma za a yi bikin yaye su.

Ta ci gaba da matsa tunkuza. "Sau nawa ake yaye mutum?"

Da na zo kan maganar kafaɗa sai ta ce wutarta na ci, ta tashi. Sai bayan kwanaki ta aiko jikarta ta kira ni. Ta ce, "Kai da ciwon ƙafa, wa zai bar ka ka tafi ƙasar mutane kai kaɗai? Rakiya zan yi maka." Na karɓi rakiyar.

Ranar kasuwar Tsanyawa muka shiga ƙaramar bas zuwa Kano, mu da buhunan wake da wata akuya da ta yi ta cin bakin rigata har Bichi. Jakata ɗaya ce. Yaya kuwa buhu ta ɗauro: kuka, daddawa, galan na man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, da wani ƙunshi na dambun nama da ta ɗaure da kyau. Na tambaye ta na wa ne. Ta ce na masu masauki.

Muka kwana a gidan ɗana a Kano, da safe muka hau doguwar motar kudu. Wadda ta zauna kusa da Yaya 'yar ƙabilar Ibo ce, mai fataucin wake, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ba mu kai Zariya ba ta buɗe jakarta ta miƙo mana gyaɗa.

"Hajiya, ni ce Maman Obinna. Obinna shi ne babba. Ke Maman wa?"

Yaya ta juya tana kallon taga. Na ga shirun ya yi tsawo, sai na ce, "Maman Nasiru." Yaya ta taka mini ƙafa, kuma mai ciwon ta zaɓa.

Matar ta tafa hannu. "Au, ku ne masu kunyar ɗan fari! Akwai maƙwabciyarmu a Fagge, haka take. Mu kuwa da mace ta haihu sunanta ya ɓace ke nan. Ko mijina sai ya yi tunani kafin ya tuno sunana na yanka."

Da ta ji abin da zai kai mu Fatakwal sai ta miƙe tsaye a cikin mota ta sanar wa fasinjoji da Turanci, aka yi ta tafi ana leƙen Yaya. Yaya ta ja mayafi har hanci.

"Ni da nawa ne, Hajiya, da rawa zan shiga filin. Sai dai soja su fitar da ni."

"Ki yi rawa a gaban ɗanki?"

"Har goya shi zan yi in ya tsaya!"

Nan Yaya ta yi dariyarta ta farko tun fitowarmu, tana rufe baki.

Gab da Lakwaja muka hau gadar kogin Kwara. Yaya ta runtse ido tana salati, can ta buɗe, ta ga har yanzu muna kan ruwa.

"Bala, wannan ne tekun?"

"Wannan kogi ne, Yaya. Teku ba a ganin ƙarshensa."

Muka sauka daga gadar. Sannan a hankali ta ce, "To shi yaron nan a kan wanda ya fi wannan yake kwana?" Na ce e.

A Lakwaja motar ta lalace, wani bel ya tsinke, aka ce sai gobe. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, mai fanka mai kukan injin niƙa da sauro masu ƙiba. Da safe na samu soyayyen kifi da shayi a wurin wani Banufe. Yaya ta dama gumbarta ta sha, ta ce ba ta san asalin kifin ba.

Ba mu tsallake iyakar ƙasa ba a tafiyar nan, amma daga Lakwaja zuwa gaba mutum ya san ya bar gida. Karan dawa ya ƙare, rumbu ya ɓace, sai itatuwan kwakwar manja da jar ƙasa. A wasu garuruwan muka riƙa ganin kaburbura a ƙofar gida, an shafe su da siminti har da hoton mamacin. Maman Obinna ta ce su ba sa kai uba daji, a gidansa yake zama. Wani mai wa'azin Kirista ya shigo ya yi mana addu'a da ƙarfi, yana sauka mai tallar magani ya karɓe wurin, maganin da ya ce yana warkar da basir da ciwon ido duka. A wani shingen bincike jami'i ya sa aka kwance buhun Yaya, ya buɗe daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya yana tari. Maman Obinna ta ce masa da yarensu kayan miya ne, su ma suna da irinsa, nasu ma ya fi wari. Ya ce a ɗaure a tafi.

Direban bai san tsayawa salla ba sai da na je na roƙe shi. Ya tsaya a gidan mai bayan Inugu. Na duba waya, na ga alƙibla ta karkata arewa fiye da yadda muka saba, na gyara wa Yaya shimfiɗar ɗankwalinta.

"Har gabas ɗin tasu daban ce?" in ji ta.

A Aba Maman Obinna ta sauka. Ta rungume Yaya, abin da ban taɓa ganin wani ya yi mata ba, ta ce, "Maman Nasiru, gobe kada ki ba mu kunya." Yaya ta ba ta ƙuli-ƙuli cike da leda, amma sunan ba ta amsa shi ba.

Ana ruwa muka shiga Fatakwal. Mu da muka baro kaka a gida, can damina ko alamar tafiya ba ta yi. Masaukinmu gidan Alhaji Sabo ne, mahauci mutumin Shanono, wanda ya je can da ƙuruciyarsa har ya yi furfura. 'Ya'yansa da Turancin kasuwa suke faɗa da juna, in ya tsawata su koma Hausa. Matarsa ta kawo mana gasasshiyar agada, wato babbar ayaba, da kifi da jan mai mai yaji, abin da na ci na nemi ƙari. Sai ta kawo teba da wata miyar ganye mai ƙananan dodon koɗi a ciki, da ɓawonsu. Ta nuna mana yadda ake tsotse su. Na gwada, na tsotso yaji ya bi ta hancina, yara suka yi ta dariya. Yaya ta ɗaga ɗaya ta duba, ta mayar a hankali, ta ce ita ƙoshe take. Ta ba masu gida kuka da daddawa da man gyaɗa. Ƙunshin dambun nama kuwa ya koma ƙarƙashin matashinta.

Ba a barin ɗaliban su fito kafin ranar biki, don haka ba mu ga Nasiru ba. Bayan isha'i na samu Yaya a baranda tana kallon ruwan sama.

"Yaya, gobe fa."

"Gobe me?"

"Kafaɗar hagu."

"Alhaji Sabo ya saka masa. Ko matarsa."

"Alhaji yana mayanka da safe. Kuma ke ya ce."

"Yaro ne, bai san abin da yake faɗa ba."

"Yaro mai 'ya'ya? Yaya, shekara da shekaru yana wanke bene a jirgi da rana, yana karatu a ranar hutunsa. Abu ɗaya ya roƙa."

Ta juyo ta dube ni. "Bala, ni ce ta fari a ɗakinmu. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Na ragu da wani abu?"

Ni auta ne, a cinyar Inna na girma, ban san abin da Yaya ta ragu da shi ba, kuma ba na jin ita ma ta taɓa tsayawa ta duba.

Da safe ruwa ya ɗauke. Iyaka ta gaske a tafiyar nan ƙofar makarantar ce. Aka jera mu, aka caje kowa. Wadda ta caje Yaya mace ce cikin kakin soja, da bindiga a kafaɗa. Yaya ta bi ta da kallo daga hula har takalmi, ta ce, "Iko sai Allah." Ƙunshin dambu na hannunta, a cikin mayafi.

Aka zaunar da iyalai a rumfa. Kowace ƙabila da shigarta: manyan ɗaurin kai, jajayen huluna, wasu har da ganga. Kusa da ni wani dattijon sojan ruwa ne, Bayarabe, hannun rigarsa cike da alamun daɗewa a aiki. Da ya ji sunan wanda muka zo dominsa sai ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce a ƙarƙashinsa Nasiru ya fara aiki, shi ya riƙa sauya masa ranakun gadi don ya samu zuwa aji, kuma daga Legas ya taso don bikin nan.

"Har jiya shi ke ƙame mini," in ji shi. "Daga yau ni zan sara masa in ce ranka ya daɗe. Na daɗe ina jiran ranar." Ya faɗa yana dariya, idonsa jawur.

Aka buga badujala, suka shigo fili cikin fararen kaya, farar hula, farin takalmi, ƙafa na sauka tare. Na sa tabarau na cire, duk iri ɗaya nake ganin su.

"Ga shi can a layin baya, ta gefen tuta," in ji Yaya. "Tafiyar ubansa." Tana faɗa ta kama bakinta, ta shiga gyaran mayafi.

Aka yi jawabai, aka yi rantsuwa. Sannan aka ce iyalai su shiga fili. Sojojin ƙasa anini ake saka musu. Na ruwa wani ɗan allo ne baƙi, mai zare ruwan zinare a kwance, ana zura shi a kafaɗar riga a danna maɓalli. Rumfa ta watse, mata na guɗa irin tasu, wata uwa ta faɗi a gaban ɗanta tana birgima. Na miƙe. Yaya ba ta motsa ba.

"Je ka, ina nan ina tsaron kaya."

Na je ni kaɗai. Nasiru na tsaye a ƙame, allunan biyu a tafin hannunsa. Ya rame, ya yi baƙi. Idonsa ya wuce ni ya tafi rumfa, ya dawo. Na ɗauki ɗaya na maƙala a dama, na ce Allah ya sa albarka. Ya ce amin. A gefenmu kowa ya gama, ana rungume-rungume ana ɗaukar hoto. Shi yana nan a tsaye, kafaɗa ɗaya da allo, ɗaya babu.

Wata babbar hafsa ta zo wucewa, ta lura, ta tambaya ko ta taimaka ta saka masa. Nasiru ya ce mata da ladabi mahaifiyarsa na zuwa. Ta dubi agogo, ta ce to a hanzarta, za a koma layi.

Na karɓi allon na koma rumfa da ɗingishina.

"Yaya, ya hana a saka masa. Haka zai koma layi a gaban manyansa, kafaɗa ɗaya."

"Hannuna da maiƙo. Kayan farare ne."

"Hannunki a bushe yake."

Ta ɓoye hannun a cikin mayafi. Na rage murya. "Dubi filin nan. Babu dangin mijinki, babu matan unguwa. Wa ya san ki a nan?"

Ta ɗago. "Kai."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk tsawon hanya ina ɗaukar kaina mai taimako, ashe a filin nan gaba ɗaya ni kaɗai ne idon gida.

Ta miƙe, ta karɓi allon, ta juya shi a hannu. "In mun je, ka ba mu baya. Kada ka juyo sai na ce."

Muka ratsa mutane, tana bayana. Da muka isa na juya, na fuskanci rumfa. Wani mai hoto ya taho da sauri yana saita kyamara, na buɗe hannuwan babbar rigata na tare shi, na ce masa nan ba a ɗauka.

Aikina na kunne ne, don haka abin da na ji zan faɗa. Na ji takun silifas a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya tsaya. Na ji muryarta, ƙasa-ƙasa: "Sunkuyo. Ka yi mini tsawo." In ban da amsa gaisuwa, ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Na ji allon na gogar yadi, ya kuɓuce, ta ce, "Tsaya mana." Na ji maɓalli ya shiga. Daga nan shiru, mai tsawon da maɓalli ɗaya ba ya buƙata. Wani a cikinsu yana jan numfashi da ƙyar, ban san wane ba. Sannan ta ce, "Allah ya tsare ka a kan ruwan nan."

"Amin, Inna."

"Bala, juyo."

Na juyo na same ta ta matsa gefe, mayafi har hanci, tana kallon masu badujala kamar su ta zo gani. Nasiru ya ƙame, hannunsa a goshi, yana sara mata, hawaye na sauka a kan farar rigar.

Ta zunguro ni da gwiwar hannu. "Ce masa ya sauke hannun, mutane na kallo." Ta zaro ƙunshin dambu daga mayafi ta danƙa mini. "Ka tambaye shi ko ya karya."

Dawowa ba ta yi wahalar zuwa ba, mota ba ta lalace ba, kuma a gadar Kwara Yaya ba ta runtse ido ba. Mun iso gida ana roron wake. Matan unguwa suka cika tsakar gida da barka da zuwa, ina zaure ina jin su. Wata ta ce ta ji an ce uwa ce ke saka wa ɗa abin a kafaɗa, to wa ya saka wa nasu?

Yaya ta ce, "Ku tambayi Bala, ni rakiya na yi."

Suka aiko a tambaye ni. Na ce ta dama ni ne. Ta hagu ban gani ba.